Harold Larwood: Mahaƙin kwal da ya ƙi neman gafara

A ƙarshen watan Fabrairun 1933, Harold Larwood ya fita daga filin wasan kurket na birnin Sydney yana ɗingishi, da karaya a ƙafarsa ta hagu. Shekarunsa 28 a lokacin, kuma babu mai jefa ƙwallo a duniya da ake shakka kamarsa. Shi ne ƙashin bayan nasarar da Ingila ta samu a kan Ostareliya a wannan gasa.

Daga wannan rana bai sake buga wa ƙasarsa wasa ba har ya bar duniya. Ƙafar ta warke daga baya. Abin da ya toshe masa hanya shi ne wata takardar neman gafara da hukumomin wasan suka buƙaci ya sanya wa hannu, shi kuwa ya ce atafau bai san laifin da ya yi ba.

Daga ramin kwal

An haifi Larwood ranar 14 ga watan Nuwamban 1904 a ƙauyen Nuncargate da ke gundumar Nottinghamshire a tsakiyar Ingila. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya maza biyar. Mahaifinsa, Robert Larwood, mahaƙin kwal ne mai tsananin riƙo da addininsa, kuma shi ne kyaftin na ƙungiyar kurket ta ƙauyen.

Yaron ya bar makaranta yana da shekara 13. Da ya kai 14 sai ya shiga mahaƙar Annesley, inda aikinsa shi ne kora ƙananan dawakan da ke jan amalanken kwal a ƙarƙashin ƙasa. A ranakun hutu kuma yana jefa ƙwallo a wasannin ƙauye, yana fitar da manyan da suka haife shi.

A shekarar 1923 wani tsohon ɗan wasa mazaunin ƙauyen, Joe Hardstaff, ya kai shi gwaji a filin Trent Bridge na birnin Nottingham. Gajere ne siriri, babu alamar ƙarfi a jikinsa, amma aka ɗauke shi a kan sule 32 a mako, daidai da abin da yake samu a rami. Mai horarwa James Iremonger ne ya gina masa jiki, ya gyara masa gudu da salon sakin ƙwallo. Ya fara buga wa Nottinghamshire babban wasa a 1924.

Ga wanda bai saba da kurket ba, ƙungiyoyi biyu ne masu mutum goma sha ɗaya-ɗaya. A tsakiyar fili akwai wata doguwar shimfiɗa mai yadi 22, da turaku uku a kafe a kowane ƙarshe. Mai jifa yakan taho da gudu ya saki ƙwallo, ta bugi ƙasa ta tashi zuwa ga mai bugu, wanda ke kare turakun da faffaɗar sanda yana kuma neman maki. Idan ƙwallo ta kayar da turaku, ko aka cafe ta a sama bayan ya buga, to an fitar da shi. Ƙwallon kanta mai tauri ce, an lulluɓe ta da fata, nauyinta kimanin giram 160. A zamanin Larwood babu mai sanya hular kwano. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara amfani da ita.

An ƙiyasta cewa jifar Larwood tana wuce gudun kilomita 145 a sa'a guda, wato mai bugu yana da kimanin rabin daƙiƙa ne kawai ya yanke shawarar abin da zai yi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu ƙarfin jifa shi ne saiti: inda ya nufa nan ƙwallo take sauka. Kasancewarsa gajere kuma ya sa ƙwallonsa takan zame ta nufi haƙarƙarin mutum maimakon ta tashi ta wuce bisa kansa.

Akwai wani abu game da kurket ɗin Ingila na wancan zamani da ya kamata a sani, domin shi ne tushen abin da ya same shi. 'Yan wasa kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan masu hali da suka yi manyan makarantu, waɗanda ke wasa don sha'awa ba tare da albashi ba, akwai kuma 'yan albashi irin su Larwood. A filaye da yawa ɗakin sauya kayansu daban ne, a wasu wuraren ma ƙofar shiga fili daban. Daga cikin kashin farko ake naɗa kyaftin, kuma ɗan albashi ba ya musu da kyaftin idan yana son ya ci gaba da cin abinci.

Bradman

Larwood ya fara buga wa Ingila wasan ƙasa da ƙasa, irin wanda ake kira Test, a watan Yunin 1926 a filin Lord's na Landan. Abokiyar karawar ita ce Ostareliya, a gasar da ƙasashen biyu ke yi da juna wadda ake kira Ashes, ma'ana toka. A wasan ƙarshe na wannan shekara a filin Oval ya fitar da mutum shida, Ingila ta karɓe gasar a karo na farko tun 1912.

Ya tafi Ostareliya da tawagar 1928 zuwa 1929. A wasan farko a Brisbane ya ci maki 70 da sanda, sannan ya fitar da mutum shida a kan maki 32 kacal, wanda shi ne mafi kyawun sakamakonsa a wasannin ƙasa da ƙasa. Ingila ta yi nasara da ratar maki 675. A wannan wasa ne wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Donald Bradman ya fara buga wa Ostareliya, bai taɓuka komai ba, aka ajiye shi a wasa na gaba.

Shekara biyu ba ta cika ba saurayin ya zo Ingila ya zame mata ƙarfen ƙafa. A gasar 1930 Bradman ya tara maki 974, adadin da har yau ba a kai ba a gasa guda. A birnin Leeds ya ci 334, daga ciki 309 a yini ɗaya. Larwood ya sha kashi a hannunsa: a wasa uku mutum huɗu kawai ya fitar, a kan maki 292. Ostareliya ta tafi da nasara.

Sai dai a wasan ƙarshe a Oval, bayan an yi ruwan sama ƙwallo ta fara tashi, wasu sun lura cewa Bradman ba ya sakin jiki idan ƙwallon Larwood ta nufo ƙirjinsa. Duk da haka sai da ya ci 232. Amma maganar ta zauna a zuciyar mutumin da aka ba shugabancin tawagar da za ta je Ostareliya a 1932.

Douglas Jardine an haife shi ne a Bombay ta ƙasar Indiya, ya yi karatu a Winchester da Oxford. Mutum ne mai sanyin murya da taurin kai, kuma tun zuwansa Ostareliya a 1928 shi da 'yan kallon ƙasar ba sa ga maciji. A watan Agustan 1932 ya gayyaci Larwood da abokin jifarsa Bill Voce, shi ma tsohon mahaƙin kwal, tare da kyaftin ɗinsu na Nottinghamshire Arthur Carr, cin abinci a otal ɗin Piccadilly a Landan. Ya tambaye su ko za su iya riƙa jefa ƙwallo a saitin jikin mai bugu, ta riƙa tashi zuwa haƙarƙari, ba tare da kuskure ba. Suka amsa cewa za su iya.

Dabarar ita ce a tara masu cafe ƙwallo biyar ko shida kusa-kusa a ɓangaren da mai bugu ya juya wa baya, a tsayar da wasu biyu can nesa a bakin fili. Idan ƙwallo ta nufo shi, ko ya kare kansa da sanda ta faɗa hannun na kusa, ko ya kai mata duka da ƙarfi ta faɗa hannun na nesa, ko ya tsaya ta same shi. Babu dokar wasan da ta hana haka a lokacin. Jaridun Ostareliya ne suka laƙaba wa salon suna Bodyline, wato jifa a saitin jiki, sunan da Jardine da Larwood ba su taɓa amincewa da shi ba.

Adelaide

Tawagar ta tashi a jirgin ruwa mai suna Orontes a watan Satumban 1932. A wasan farko a Sydney cikin watan Disamba, Larwood ya fitar da mutum goma, Ingila ta yi nasara cikin sauƙi, ko da yake Stan McCabe na Ostareliya ya tsaya ya ci 187 ba a fitar da shi ba. Bradman bai buga ba saboda rashin lafiya. Ya dawo a wasa na biyu a Melbourne, aka fitar da shi a ƙwallon farko, sannan a zagaye na biyu ya ci 103, Ostareliya ta rama.

Ko a cikin tawagar Ingila ba kowa ne ya yarda da dabarar ba. Gubby Allen, shi ma mai jifa da ƙarfi, ya ƙi yin ta, kuma bai rasa gurbinsa ba, domin ba ɗan albashi ba ne. Iftikhar Ali Khan, Nawab na masarautar Pataudi a arewacin Indiya, wanda ya ci maki 102 a wasansa na farko a Sydney, ya ƙi shiga sahun masu tsayawa kusa da mai bugu. Bayan wasa na biyu ba a sake sanya shi ba. Larwood da Voce ba su da wannan gata.

A Adelaide ne tura ta kai bango. Ranar Asabar 14 ga watan Janairun 1933, a gaban 'yan kallo fiye da dubu 50, ƙwallon Larwood ta sami kyaftin ɗin Ostareliya Bill Woodfull a ƙirji, saitin zuciya. Sandarsa ta faɗi, ya dafe ƙirji yana tangaɗi. A wannan lokaci masu cafewa suna tsaye ne a wurarensu na yau da kullum. Amma Jardine ya ɗaga murya ya yaba wa Larwood ta yadda Bradman, wanda ke ɗaya ƙarshen, zai ji. Da Woodfull ya farfaɗo, Larwood na shirin sake jifa, sai aka tsayar da shi aka kwashe masu cafewa aka mayar da su bayan mutumin da bai gama dawowa hayyacinsa ba. Filin ya ɗauki ihu.

Da yamma manajan tawagar Ingila, Pelham Warner, ya shiga ɗakin 'yan Ostareliya don jajantawa. Woodfull, malamin makaranta ne da ba a san shi da zafin baki ba, ya shaida masa cewa cikin ƙungiyoyi biyun da ke fili, guda ɗaya ce kawai ke wasan kurket. Maganar ta fita zuwa jaridu.

Ranar Litinin kuma Bert Oldfield ya kai wa wata ƙwallon Larwood duka, ta goga gefen sandarsa ta same shi a kai, ƙoƙon kansa ya tsage. Shi ma a wannan jifa ba a tsara masu cafewa a salon Bodyline ba, kuma Oldfield da bakinsa ya wanke Larwood, ya ce kuskurensa ne. 'Yan kallo ba su ji wannan ba. An jibge 'yan sanda, har da na kan dawakai, don gudun kada jama'a su tsallako shinge. Ingila ta ci wasan da ratar maki 338.

Ranar 18 ga wata hukumar kurket ta Ostareliya ta aika da saƙon tangarahu zuwa ga ƙungiyar MCC a Landan, wadda ita ce ke riƙe da dokokin wasan da kuma tawagar Ingila. Saƙon ya zargi tawagar da wasan da ya saɓa wa ɗa'a, ya kuma yi gargaɗin cewa zai iya ɓata dangantakar ƙasashen biyu. Shugabannin MCC, waɗanda ba su ga ko ƙwallo ɗaya da idonsu ba, sun mayar da martani cewa suna da cikakken amana ga kyaftin ɗinsu, kuma idan Ostareliya na so a soke sauran wasannin, to a soke. Jardine ya ce ba zai sake fitowa fili ba sai an janye zargin.

Batun ya kai ga gwamnatoci. Lokacin ana tsakiyar karyewar tattalin arzikin duniya, Ostareliya kuma na fama da bashin da ta ciwo a Landan. Firayim Minista Joseph Lyons ya ja hankalin hukumar kurket ta ƙasarsa game da illar da rigimar za ta iya jawowa, kuma gab da wasa na huɗu aka janye kalmar. Ingila ta yi nasara a Brisbane ta karɓe gasar.

A wasan ƙarshe a Sydney, bayan Larwood ya wuni yana jifa, Jardine ya tura shi ya riƙe sanda da yamma don ya kare manyan masu bugu. Ya fita a fusace. Washegari ya ci maki 98 kafin a cafe shi, kuma mutanen da suka yi wata uku suna zaginsa suka miƙe suna tafa masa. A zagaye na biyu ƙafarsa ta hagu, wadda yake dirawa a kanta da dukan nauyinsa a kan busasshiyar ƙasa, ta karye. Jardine ya hana shi fita muddin Bradman na cikin fili, don kada ya saki jiki. Sai da Hedley Verity ya fitar da Bradman a kan maki 71, sannan mutanen biyu suka fita tare, babu wanda ya ce da wani uffan.

Ingila ta ci wasa huɗu cikin biyar. Larwood ya fitar da mutum 33, a kan maki ƙasa da 20 kowane guda, kuma sau huɗu yana fitar da Bradman. Matsakaicin makin Bradman a gasar ya tsaya a 56.57, shi da ya kammala rayuwarsa ta wasa da 99.94. Dabarar ta biya buƙata.

Takardar

Larwood ya koma gida a matsayin gwarzo, da saƙonnin taya murna na MCC a jakarsa. Amma a bazarar 1933 tawagar West Indies ta zo Ingila, kuma a birnin Manchester masu jifarta biyu, Learie Constantine da Manny Martindale, suka gwada wa Turawan Ingila irin wannan salo. Ƙwallo ta fasa wa Wally Hammond haɓa. Jardine ya daure ya ci 127, amma waɗanda suka gani da idonsu sun fara fahimtar abin da 'yan Ostareliya ke kuka da shi.

Ana sa ran Ostareliya za ta zo Ingila a 1934, kuma ziyarar na kawo kuɗi mai yawa ga ƙungiyoyin gundumomi. Ana buƙatar sulhu, sulhu kuma na buƙatar wanda za a ɗora wa jakar tsaba. Jardine ya sanar da cewa ba zai sake fuskantar Ostareliya ba, ya koma harkokin kasuwancinsa, babu wanda ya nemi ya ba da haƙuri. Sai aka aika wa Larwood, ta hannun attajirin nan Sir Julien Cahn mai ɗaure wa ƙungiyar Nottinghamshire gindi, cewa ya nemi gafara a rubuce kan jifar da ya yi, idan yana son a sake zaɓarsa.

Ya ƙi. Hujjarsa ita ce umarnin kyaftin ya bi, kyaftin ɗin da MCC ta naɗa ta kuma mara wa baya a bainar jama'a, sannan bai karya wata doka ba. A watan Yunin 1934 ya bayyana matsayinsa a jaridar Sunday Dispatch da kakkausar murya, ya zargi hukumomin da miƙa wuya ga Ostareliya. Daga nan ƙofa ta rufe.

Ba za a ce Larwood ba shi da hannu a abin da ya faru ba. Ya san ƙwallonsa na iya raunata mutum, kuma bai taɓa ɓoye cewa tsoratarwa na cikin sana'arsa ba. Wasu kalaman da ya yi a jaridu bayan dawowarsa ma sun ƙara rura wutar. Sai dai rabon hukuncin abin dubawa ne. Warner, wanda ya jagoranci zaɓen Jardine kuma ya raka tawagar, ya sami sarautar Sir a 1937. Allen ne ya jagoranci Ingila zuwa Ostareliya a 1936. Voce ya sasanta da hukumomi aka mayar da shi tawaga. Carr, wanda ya tsaya wa masu jifarsa, ya rasa shugabancin Nottinghamshire a ƙarshen 1934.

An kuma sauya dokoki. Daga 1935 an ba alƙalan wasa ikon tsayar da jifar da ke nufin jikin mai bugu kai tsaye, daga baya kuma aka taƙaita yawan masu cafewa da za su tsaya ta bayansa zuwa mutum biyu. Bambancin 'yan albashi da masu wasa don sha'awa kuwa sai a ƙarshen 1962 aka soke shi.

Tarihin Larwood a wasannin ƙasa da ƙasa ya tsaya a wasa 21 da mutum 78. Ya ci gaba da buga wa gundumarsa, ya rage tsawon gudunsa saboda ƙafar, kuma a 1936 ya sake zama na ɗaya a jerin masu jifa a Ingila, karo na biyar ke nan. Ya yi ritaya a 1938 bayan ya fitar da mutum 1,427 a manyan wasanni.

Komawa Sydney

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sayi wani ɗan kantin alewa a wani lungu na garin Blackpool. Bai rubuta sunansa a jikin kantin ba, kuma ya nesanta kansa da filayen wasa. A nan ne Jack Fingleton ya same shi a 1948. Fingleton ɗan jarida ne, kuma yana cikin masu bugun Ostareliya da ƙwallon Larwood ta yi wa tabo a jiki a gasar Bodyline. Shi ne ya ba shi shawarar ya kwashi iyalinsa ya koma Ostareliya.

A watan Afrilun 1950 Larwood da matarsa Lois da 'ya'yansu mata biyar suka shiga jirgin Orontes, wanda ya kai shi can shekara 18 da suka wuce. Tsohon Firayim Minista Ben Chifley ya biya wani ɓangare na kuɗin otal ɗin da suka fara sauka, ba tare da sun sani ba. Larwood ya sami aiki a wani kamfanin lemon kwalba, ya sayi gida a unguwar Kingsford ta birnin Sydney, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Shi da Oldfield sun zama abokai. Da Bradman kuwa gaisuwa ce kawai.

Bai taɓa aibata Jardine ba. Cikin kayan da ya fi ji da su akwai wani mazubin tokar sigari na azurfa da kyaftin ɗin ya ba shi kyauta bayan gasar, da kalmomin godiya a zane a jiki, yakan kuma nuna wa duk baƙon da ya ziyarce shi. Jardine ya rasu a 1958.

A 1993, shekara 60 bayan Adelaide, gwamnatin Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta MBE, kuma Firayim Minista John Major, wanda masoyin kurket ne, ya buga masa waya da kansa. A lokacin idanunsa sun kusa daina gani. Ya rasu a Sydney ranar 22 ga watan Yulin 1995 yana da shekara 90.

A filin Trent Bridge akwai rumfar 'yan kallo mai ɗauke da sunansa da na Voce. A 2002 kuma an kafa mutum-mutuminsa na tagulla a tsakiyar garin Kirkby-in-Ashfield, kusa da ƙauyen da aka haife shi.